Baƙuwa a Tsagin Dutse

Safa ɗaya ce rak shanye a madubin motar, ko ta hagu ce ko ta dama, Allah masani. Shugaba ta gan ta tana kaɗawa a iskar safiya, ta yi niyyar tambayar Direba ina 'yar'uwarta, sai ta fasa. Yawancin tambayoyinta haka suke ƙarewa, a maƙogwaro.

Ba ita ta raɗa wa kanta Shugaba ba. Ofishin kula da gandun daji ne ya ɗora ta a kan ayarin masu binciken tsirrai, ma'aikatan da ake ɗauka in ruwa ya sauka, a sallame su in ciyawa ta bushe. Ranar farko Dogo, wanda ya fi kowa tsawo da surutu, ya ƙame ya sara mata ya ce, "Shugaba!" Aka yi dariya, suna ya bi ta. An ba ta taswira, an ba ta usur na tara jama'a. Usur ɗin yana rataye a wuyanta tun farkon damina, bai taɓa jin ɗumin bakinta ba. Da wane ido za ta hura wa Malam usur?

Malam shi ya koyar da ita a jami'a. Shi ya nuna mata yadda ake riƙe madubin ƙara girma, kusa da ido, ba kusa da ganye ba. Da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi, ofis ya ɗauke shi mai ba ayarin shawara. Duk inda ya sa ƙafa yana tare da matsinsa: katako biyu, tsofaffin jaridu a tsakani, an ɗaure da bel. A nan yake kwantar da tsiro da saiwarsa da furensa, ya matse har ya bushe, a kai ɗakin ajiya na jami'a. Dogo yana kiran matsin maƙabarta, amma sai in Malam ya yi nisa.

"Abin da ba a matse ba, ba a gan shi ba," in ji Malam. Ɗalibansa duka sun haddace wannan kafin su haddace sunan ko da ciyawa ɗaya.

Tsiron da suke nema sunansa na littafi ya fi shi tsawo. Direba ya gwada faɗa sau ɗaya, harshensa ya harɗe, ya ce shi dai Baƙuwa zai riƙa ce mata, tunda ruwa ke kawo ta, ba ta kuma daɗewa. Rabon da a gan ta a gandun tun Malam yana ɗalibi. Ga shi wani kamfanin fasa dutse ya nemi izinin cin gangaren arewa. Ofis ya ce in Baƙuwa tana wurin, ba izini. In ciyawa ta bushe ba a same ta ba, za a sa hannu. Ciyawa kuwa ta fara ja a baki-baki.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. A jeru kamar masu shuka, a sa ido a ƙasa, a taka a hankali har ƙarshen gangare, a juyo. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya ce "Tsaya!" kowa ya ƙame inda yake.

"Tsaya!" in ji Dogo, tun ba su yi nisa ba.

Anti, tsohuwar malamar firamare mai riƙe musu kyamara, ta leƙa. "Murfin kwalba ne, ɗan nan."

"Shuɗi ne fa, Anti."

"Kai da ƙasa ai sai dai aike. Kafin idonka ya sauko daga can sama, furen ya yi 'ya'ya ya aurar."

"To ke da kike maƙwabtaka da ƙasar, me kika samo mana?"

"Ciwon baya."

Direba, da ke biye da su da jarkar ruwa, ya ce shi a ganinsa Baƙuwar nan ta ji labarin albashinsu ne ta ƙi zuwa, don ta san ba za a yi mata saukar kirki ba. Har Malam sai da gemunsa ya motsa.

Shugaba tana can ƙarshen layi, ta gefen duwatsu. Hantsi ya ɗaga, gumi yana bin bayan kunnenta, sai idonta ya faɗa cikin wani tsagi inda ƙasa ta taru ba ta fi cikin tafi ba. Fure ne shuɗi mai ratsin fari, bai fi maɓallin riga ba. Ganyen masu gashi, kamar kunnen ɗan zomo. Baƙuwa ce, ta san ta kamar yadda mutum ke sanin tafiyar ɗan gidansu daga nesa.

Ta duba dama, ta duba hagu, ta duba tsagin da ke sama da wanda ke ƙasa. Babu wata. Ita kaɗai ce.

"Tsaya" ta taso mata har bakin leɓe. Sai ta hango Malam a tsakiyar layi, matsi a hammata, 'yar wuƙar tono tana lilo a ƙugunsa. Ta haɗiye kalmar. Ta buɗe taki, ta tsallake tsagin, ta ci gaba da tafiya kamar ba ta ga komai ba.

Da suka kai ƙarshen gangaren ta ce a huta.

"Yanzu?" in ji Dogo. "Ranki ya daɗe, ko dai an yi miki ƙarin girma ne ba mu sani ba?"

Ba wanda ya yi gardama. Suka zauna a inuwar wani dutse, Anti ta buɗe filas, Direba ya yayyaga biredi. Shugaba ta riƙe kofinta har shayin ya huce, tana kallon shaho yana shawagi, tana lissafin yadda za ta dawo ita kaɗai da yamma ta ɗauki hoto. Abin da za ta ce wa ofis, da abin da za ta ce wa Malam daga baya, wannan ta bar wa gobe.

"'Yar nan," in ji Malam, yana goge tabarau da bakin riga. "A ina kika gan ta?"

Kofin ya kusa suɓuce mata. "Na'am, Malam?"

"Mai nema ƙasa yake kallo. Ko a zaune yake, ko yana cin abinci, idonsa na ƙasa. Dubi Dogo, ko shi da ba ya ganin komai. Ke kuwa tun daga tsakiyar gangare kike kallon sama. Wanda ya daina nema, ya samu ne."

Biredi ya tsaya a hannun Direba.

Malam bai jira amsa ba. Ya miƙe, ya bi sawunta a baya, yana karanta ciyawar da ta kwantar, har ya zo inda takin ya yi faɗi ba dalili. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Da ya yi magana, muryar ba irin ta aji ba ce.

"Sannu da zuwa," ya ce wa furen.

Sai wuri ya kaure. Dogo ya yi tsalle ya kusa tafiya da gangaren. Anti ta rangaɗa guɗa, ta kama Shugaba tana jijjigawa. "Ƙanwata, wato kin gani kika yi mana gum? Ashe shiru-shiru ba tsoro ba ne!" Direba ya sunkuya, hannu a gwiwa, ya ƙare mata kallo.

"Wannan ce? Wannan 'yar abar muke ta ƙona mai a kanta?"

"Dogo," in ji Malam, "miƙo mini matsi. Zaɓo jarida busasshiya."

Shugaba ta ce, "A'a."

Ba wanda ya ji. Dogo ya riga ya fara kwance bel.

"Malam, a'a."

Direba ya waiga. "Kamar Shugaba ta yi magana."

"Na ce a bar ta." Shugaba ta ɗaga murya. "Ita kaɗai ce. Na duba ko'ina."

Malam ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa wanda ya shigo aji a makare. "Shi ya sa za a matse ta. Kin san mutanen ofis? Ki kai musu hoto, lauyan kamfani ya ce a wani dutsen aka ɗauka. Ya kawo nasa masanin, ya ce ai 'yar'uwarta ce ta bakin rafi, wadda ke ko'ina. Bambancinsu a saiwa yake, ke ma kin sani, ni na koya miki. Hoto yana nuna saiwa?"

"Ba ya nunawa."

"To? A ba da guda, a ceci gangare. In akwai iri a ƙasa, baɗi wasu za su fito."

"In babu fa?"

Malam ya ce, "Wadda malamina ya matse, ƙwari sun cinye ta tun ina sabon ma'aikaci. Jakarta tana nan a ɗakin ajiya, ba komai a ciki sai suna. Kullum na buɗe kabad ɗin sai na gan ta." Ya zare wuƙar. "Ba don kaina kaɗai ba ne, 'yar nan."

Gaskiyarsa ce, kuma wannan ne ya fi damun ta. Da a ce rigima ce kawai irin ta tsofaffi, da abin ya zo da sauƙi. Ta nemi kalmomi masu nauyi irin na taro, ba ta samu ko ɗaya ba. Sai kawai ta tattara siket ɗinta, ta zauna daram a bakin tsagin, ta sa furen tsakanin takalmanta biyu.

"Ikon Allah," in ji Anti a hankali. "Kaza ta hau ƙwai."

"Malam," in ji Shugaba, idonta a kan takalman, "in ka kai ta ofis a jarida, abin da ka nuna musu shi ne dā tana nan. Su kuwa cewa suka yi in tana nan. Lauyan nan da kake faɗa, shi zai fara gode maka."

"Saiwar fa?"

"Su zo su gan ta a inda take. Zan share ƙasar gefe da buroshi, a ga wuyan saiwar, a mayar. Zan kawo Daraktan ofis da ƙafarsa, da masanin kamfanin in yana so."

Dogo ya kasa riƙewa. "Darakta? Da tumbin nan? Shugaba, sai dai mu goyo shi."

"To ka goyo shi. Ai tsawon bai kamata ya tashi a banza ba."

Direba ya tafa hannu ya buga cinya. "Yau Shugaba ta yi baki! Dogo, ka ji abin da ka daɗe kana nema."

Malam bai yi dariya ba. "In bai zo ba? In akuya ta riga shi? In furen ya kaɗe kafin ya gama shan shayinsa na ofis?"

"Laifina ne. Ni aka ɗora wa ayarin." Ta ɗago, karo na farko, ta dube shi. "Ka yi haƙuri, Malam. Ban yarda ba."

Iska ta kaɗa jaridar da ke hannun Dogo. Ya dubi Malam, ya dubi Shugaba, sai ya naɗe ta a hankali ya cusa a aljihu, yana kallon wani wuri daban kamar ba shi ba.

Malam ya juya wuƙar a tafinsa sau ɗaya, ya mayar da ita kube. Ya yi mata alama da hannu ta janye ƙafa. Ta yi jim, sannan ta janye. Ya kwanta rub da ciki a kan dutsen, da tsufansa da farar rigarsa, ya kafa madubi a ido, ya matso har numfashinsa yana motsa furen. Ya bi ganye ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa ƙarƙashinsu. Bai taɓa ko gashi ɗaya ba.

Shugaba ta miƙe. Aiki ya taso mata a ka gaba ɗaya, ta fara rabawa tun kafin ta tuna tana jin kunya. Anti ta ɗauki hoto ta kowace fuska, da dutsen da ke baya don a gane wurin. Dogo ya saro ƙaya a kewaye tsagin saboda awaki, amma daga nesa, kada inuwa ta rufe ta. Direba ya hau ƙololuwa ya nemo inda waya ke kamawa.

"Ni? Ni fa direba ne, ba biri ba."

"Hau dai, Baba Direba. In ta kama ka kira ni."

Ya tafi yana mita, yana cewa Baƙuwar da ba ta kai loma ba ta fi minista tsaro. Anti da Dogo suka shiga musu kan abin da za a ajiye kusa da furen don a ga girmansa a hoto. Dogo ya kawo babban yatsansa, Anti ta ce mutane za su zaci rogo ne ya fito a dutse. Aka daidaita a kan murfin biro.

Shugaba ta juya don ta tambayi Malam ko ta gefen gabas ya kamata a fara share ƙasar. Wurin da ya kwanta ba kowa, sai ƙurar dutse da ta ɗauki siffar gwiwar hannunsa. Baƙuwa tana nan a tsaginta, tana ɗan rausaya.

Can ƙasa ta hango shi, ya riga ya wuce inuwar da suka huta. Yana sauka a karkace, yana dafa duwatsu, bai bi ta wajen mota ba, ya kama 'yar hanyar da ke fita bakin titi. Ta buɗe baki za ta kira shi. Bai waiwayo ba, har farar rigar ta shige cikin bishiyoyi.