Gilashin Bas ɗin Baba

Naushin Auta na biyu ne ya kifar da kwanon rini. Dogo ya zube ƙasa, leɓe a fashe, amma hannunsa na sama riƙe da ɗan gilashin roba a bakin hantsaki, kada yatsa ya taɓa shi bai bushe ba.

Wata uku yana haɗa wannan 'yar mota, kwatankwacin bas ɗin marigayi babansu, tsawonta bai fi taƙi ba. Inna ce ta roƙa, tana so ta ajiye a ɗakinta.

"Don me ka rina gilashin baƙi, Yaya?" Auta, ƙanensa, ya shaƙe masa wuyan riga.

"Haka motar take."

"Ko dai haka kake so Inna ta riƙa gani kullum?"

Kowa a gidan ya san Auta ne ya liƙa wa bas ɗin baƙar leda har gilashin gaba, don burga. Ba a yi sati biyu ba Baba ya shige ƙarƙashin tirela ana tafka ruwa. Shekara huɗu ba wanda ya furta. Kuma tsakani da Allah, Dogo ba mai gaskiya ba ne: sau uku ya tsoma gilashin a rini, alhali tun tsomin farko launin ya isa.

Auta ya fizge hantsakin, ya taka gilashin har ya yi ƙaras. Nan idon Dogo ya rufe. Ya yi masa karo a hanci, ya haɗa kansa da bango sau biyu, ya rarumo kujera. Da ya ga Auta bai ko kare fuska ba, jira kawai yake, sai hannunsa ya mutu. Tausayi ya kama shi, da kunya.

Ya ajiye kujerar, ya goge jinin hannunsa, ya ciro wani gilashin daga akwati, garau, ba rini. Ya ɗiga gam, ya manna a jikin 'yar motar.

"Shi ke nan, ka huta?"

Auta ya matso, jini na bin gemunsa, ya leƙa. Yanzu komai na ciki ya fito fili: sitiyari, giya, da kujerar direba ba kowa a kai. Ya daɗe a sunkuye.

"Yaya," ya ce a hankali, "mayar da baƙin."