Ɗigon da Ya Yi Nisa

Tsoho ya ɗora jikarsa a kan teburin, tsakanin kwamfuta da kofin shayi. Shayin ko girgiza bai yi ba.

"Ga ta nan," ya ce. "Wadda kuka ce babu."

Ma'aikaciyar asibitin ta miƙe. "Baba, ba mu ce babu ita ba. Awonta ne aka cire."

Kwanakin baya aka auna yaran unguwa don a ba masu tamowa abinci. An kira 'ya'yan maƙwabta. Uwargida kuwa, kamar yadda yake tsokanar jikar tasa, shiru.

Ma'aikaciyar ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Ɗige-ɗige ne cunkushe wuri guda, kamar tururuwa a kan sukari.

"Kowane ɗigo yaro ne. Na'urar tana haɗa shekaru da tsawo da nauyi da kaurin damtse, ta duba nisan kowa da tsakiyar taron. Wanda ya yi nisa da yawa, sai ta ɗauka mai awo ne ya yi kuskure."

"Ina tawa?"

Ta kai yatsa can ƙurya, inda wani ɗigo yake shi kaɗai.

"Tsawonta na 'yar shekara huɗu ne, daidai. Nauyin kuma na mai shekara ɗaya. Na'urar ta ce ba a samun yaro haka."

Tsoho ya dubi yarinyar. Tun rasuwar iyayenta, abin da gyaran keke ya kawo shi suke ci. Bai taɓa roƙon kowa ba. Ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, ga sikeli can. Sake aunawa."

"Ko na auna, Baba, an rufe. Daga sama ake turo kayan da sunaye. Sai zagaye na gaba, bayan wata uku."

"Wato da yunwarta ta tsaya daidai da ta mutane, da ta samu."

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai. Ta ciro biskit daga jakarta, ta danƙa wa yarinyar.

* * *

Tsoho ya saɓa jikarsa a wuya suka kama hanya.

"Mijina, ka gaji?"

"Ke ce za ki gajiyar da ni? Ci abinki, uwar surutu."

"Ba zan sammaka ba."

"Da ma na san marowaciya na aura."

Ta yi 'yar dariya, ta kwantar da kai a kan hularsa.

Kafin su kai kwanar gida, ya ɗaga hannu ya laluba ƙafarta, don ya tabbata tana nan.