Ba a Gaya wa Jirgin Jusoh Ba

Kwana hamsin da uku jirgin ruwan mijina ya yi a gicciye a bakin hanyar shiga wajen ajiye motoci na benenmu. Duk wanda ya zo sai ya kewaye shi yana tsaki ƙasa-ƙasa. Daga hawa na uku nake jin tsakin, ban kuwa damu ba. Su yi ta yi.

Jusoh ya fita kamun kifi wata Talata da safe, bai dawo ba. Bayan kwana huɗu aka tsinci jirgin can nesa da gaɓar Merang yana yawo shi kaɗai, inji a kashe, komar kifi a naɗe tsaf, shinkafar da na ƙunsa masa a ganyen ayaba an ci rabi. Ba gawa, ba riga, ba ko takalmi. Ma'aikatan da suka jawo jirgin suka ɗora shi kan amalankensa na ƙarfe, suka ja da mota har ƙofar benenmu, suka kwance suka yi gaba. Baƙi ne, ba ruwansu da yadda muke yi.

Tun da teku ta cinye ƙauyenmu aka kwaso mu zuwa benayen nan, masuntanmu a gurbin mota suke ajiye jirage. Gurbinmu kuwa ya fi na kowa muni: ginshiƙin siminti a dama, motar mai sayar da ƙanƙara a hagu, bango a baya. Mota ba ta iya tura amalanke ciki, sai da hannu, da baya-da-baya, inji ya fara shiga. Mutum biyu su tura, mai jirgi ya ɗaga wuyan amalanken, wato doguwar sandar ƙarfe ta gaba, yana karkata shi.

Wuya na mai jirgi ne, babu mai taɓa masa. In ya mutu, sai matarsa ko uwarsa ta dafa goshin jirgin ta ambaci sunansa, ta gaya wa jirgin cewa wane ya rasu. Sannan ne wani zai kama wuyan. Haka muka taso muka tarar tun ana jan jirage a kan yashi. Uwar Jusoh ta daɗe a ƙasa, saura ni. Ni kuwa na ce ban ga gawa ba, bakina ba zai kashe mijina ba.

Ranar Alhamis aka manna takarda a jikin jirgin: in bai bar hanya ba kafin la'asar ta Asabar, za a zo a ɗauke shi. Na san inda ake kai irinsu, filin da ake yayyanka su da zarto.

Asabar bayan azahar, rana ta take, na sauko da yayana Embong da Sulong, abokin kamun kifin Jusoh tun suna samari. Embong tsoho ne siriri mai faɗan tsiya, gidanmu duk haka muke. Abang muke ce masa, wato yaya.

"Som," in ji shi, "kin gaya masa?"

"Gaya wa wa, Abang? Katako ne da roba, kunne gare shi?"

"Au, yau kuma katako ne? Da wa kike zuwa kina hira da safe kina share masa ganye? An gaya mini."

"Masu gaya maka ba su da aikin yi."

Sulong, wanda Kak yake ce mini, wato yaya mace, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. "Kak Som, ki yi haƙuri. Wallahi ba zan kama wuyan Jusoh ba sai an sanar. Ina da 'ya'ya."

"Kai dai matsoraci ne tun kana yaro. Ƙaton banza, ƙaguwa ma gudunta kake."

"Na ji, na yarda. A dai sanar."

Na dube su, na dubi takardar da ke jikin jirgin. Raina ya ɓaci, na ce to, su matsa baya, ba a gabansu zan yi ba. Na je na dafa goshin jirgin. Ya yi zafi kamar murfin tukunya. Na kai bakina kusa, na yi raɗa yadda ba mai ji.

Na ce, "Jusoh yana nan tafe. Ka jira shi."

Na juyo na goge ido da gefen mayafi, na ce musu na gama. Embong ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah ya jiƙansa. 

Muka raba aiki. Embong ya koma baya wajen inji don ya riƙa duba ginshiƙi da motar ƙanƙara yana ba da umarni. Ni na tsaya a gefe ina tura. Sulong ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi bismillah, ya sunkuya zai ɗaga wuyan. Ƙaramar tayar da ke tallabe wuyan ta daɗe da karyewa, kan bulo yake zaune, kuma na san nauyinsa. Jusoh kansa sai ya yi nishi.

Wuyan ya tashi sama caraf, har Sulong ya yi taga-taga.

"Kai!" in ji shi. "An kwashe kayan ciki ne?"

"Komai na nan. Ƙarfi ne ya yi maka yawa, ka cinye abincin matarka."

Bai yi dariya ba. Muka fara turawa. Tayoyin da suka yi kusan wata biyu a tsaye, ɗaya ma ta sace, suka mirgina ba ko ƙara. Ban ji ina tura komai ba, hannuna kawai ke bin jirgin.

"Hagu kaɗan!" Embong ya yi kira daga baya. "Sulong, hagu na ce, kurma ne kai?"

Amalanken ya yi dama. Ya ci gaba da yin dama har na ce inji zai daki motar ƙanƙara, sai ya tsaya cak, ya dawo gaba taku biyu, ya lanƙwasa a hankali ya shige tsakanin ginshiƙin da motar, tazarar da ta rage ba ta kai faɗin yatsa biyu ba.  Shekara tara ina kallon wannan lanƙwasa ta taga. Babu wanda ya iya ta a benen nan sai mutum ɗaya.

"Kak Som," Sulong ya kira ni da wata irin murya. "Kak Som, dubi."

Na duba. Ya ɗaga hannayensa duka biyu sama, tafukan a buɗe. Wuyan amalanken na nan tsaye a iska daidai ƙugun mutum, ba mai riƙe da shi.

Sulong ya ja da baya, ya ja da baya, har ya zauna daɓas a kan kwalta yana salati. Ni kuwa ƙasa na kalla. A kan simintin da rana ta gasa, gefen wuyan, akwai sawun ƙafa biyu jiƙaƙƙu, ba takalmi. Ina kallo wani ya fito a gabansu, sannan wani. Ƙafar hagu ta ɗan karkata waje. Ƙarnin teku ya cika wajen, da wani sanyi kamar an buɗe firji.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ji tsoro ba. Daɗi na ji. Wani irin daɗi ya taso mini tun daga ciki har maƙogwaro, na bar gefen jirgin na zo na tsaya kusa da sawun, kafaɗata tana jin sanyin. Na ce a raina, na gaya musu, na gaya musu yana nan tafe.

"Yauwa, ya shiga!" Muryar Embong ta fito daga baya. Jirgin ya tare shi, bai ga komai ba. "Madalla Sulong, ashe kana da amfani. Tsaya haka in fito."

Amalanken bai tsaya ba.

"Na ce ya isa! Ku tsaya in fita!"

Sai a lokacin na tuna. Gurbin gajere ne, Jusoh ba ya tsayawa sai inji ya taɓa bango, in ba haka ba wuyan zai leƙo hanya. Kuma bai taɓa barin kowa ya tsaya a baya ba. Yanzu ga yayana a can, ginshiƙi a gefe, mota a gefe, bango a bayansa, farfelar inji tana nufo cikinsa a hankali.

"Sulong! Ɗan banza, kashe ni za ka yi?"

"Ba ni ba ne, Abang!" Sulong ya fashe da kuka daga inda yake zaune. "Ba ni ba ne! Kak Som, me kika gaya masa?"

Na kama wuyan da hannu biyu na ja baya. Ƙarfen a jiƙe yake, sanyi ƙarara, ya tafi da ni kamar ba na wajen, silifas ɗina suna jan ƙasa. Na yi ihu, "Jusoh, tsaya! Abang na baya! Jusoh!" Sawu ya sake fitowa a gaba. Ba ya ji na. Aikinsa kawai yake yi, yadda ya saba, kamar mai tafiya cikin barci.

Embong ya daina zagi. Wannan ne ya fi tsorata ni, don tun da nake ban taɓa jin ya yi shiru yana fushi ba. Sai na ji muryarsa a shaƙe.

"Som. Ba ki faɗa ba ko?"

Na ƙara ƙanƙame wuyan.

"Som, ƙanwata. Ki faɗa."

Allah ya yafe mini, na tsaya. Na tsaya ina jin sanyin nan a kafaɗata, ina jin numfashin yayana yana yankewa, kuma ina auna su biyun, mijina da yayana. Ban san tsawon lokacin ba. Wataƙila numfashi uku ne, amma na auna, kuma wannan abu zan tafi da shi kabari. Sai na ji wani abu ya yi ƙas a bayan jirgin, Embong ya saki wata 'yar ƙara.

Na saki wuyan, na ɗora tafin hannuna a goshin jirgin. Bakina ya ƙi buɗewa, na tilasta shi.

"Jusoh ɗan Mamat ya rasu," na ce da ƙarfi. "Ka ji? Mai gidanka ya rasu. Teku ta ɗauke shi. Ba zai dawo ba."

Wuyan ya faɗi ƙasa da ƙara, har siminti ya fashe. Jirgin ya tsaya. Zafin rana ya dawo mini a kafaɗa lokaci ɗaya.

Sulong ya rarrafo, muka kama wuyan mu biyu. Da ƙyar muka ɗaga shi, da ƙyar muka jawo amalanken taku ɗaya, tayar da ta sace tana kuka. Embong ya zamo ta ƙarƙashin injin, hannu dafe da haƙarƙari, rigarsa ta yage, fuskarsa ta yi fari. Na jira ya zage ni tas, na ma so ya zage ni. Ya zauna jikin ginshiƙi yana haki, ya dube ni, ya kawar da kai.

Na juya neman sawun. Rana ta riga ta shanye na baya. Na gaba biyu ne suka rage, na durƙusa na yi musu inuwa da mayafina, amma a banza, ina kallo gefensu yana tsukewa har suka tafi.

Sulong ya ɗauki Embong a babur zuwa asibiti. Ni na kama matakala. A hawa na biyu na tarar da maƙwabciyarmu Mak Jah, tsohuwa, tana tsince kifi a tire a ƙofar ɗakinta.

"Som, wane irin ihu ne nake ji a ƙasa? An sami labari ne?"

"Jusoh ya rasu, Mak," na ce.

Karo na biyu maganar ta fi sauƙin fita daga bakina. Abin da ya sa na zauna a matakalar ke nan na yi ta kuka.