Tagar Aji Huɗu

Akwai wata ƙusa a jikin tagar aji huɗu, an lanƙwasa kanta don kada tagar ta buɗu, ko tsatsa ba ta fara ba. Injiniya Rasha, wadda aka turo wannan tsohuwar makarantar 'yan mata a garin Sohag don ta duba zafi da iskar azuzuwa, ta shafa ƙusar da yatsa. Malama Nagwa, malamar ajin, ta kau da kai, domin ita ta kafa ta.

Kullum da hantsi mahaifinta, Ammu Shahata, yakan bi layin bayan ajin da kurar tukwanen gas, yana ƙwanƙwasa su da sifana don masu saye su ji. Nagwa ba ta so ɗalibanta su san 'yarsa ce. Tun da ta rufe tagar yara ke gyangyaɗi, wasu na kukan ciwon kai, fanka da fitilu kuwa wuni suke a kunne. Ta ce wa shugabar makaranta hayaniyar titi ce ta dame ta.

Rasha ta duba na'urarta, ta ce duk makarantar babu ajin da iskarsa ta lalace kamar wannan, numfashin juna kawai yaran suke shaƙa. Gyaran ma ba sai an sayi komai ba. Ta ɗauko filaya ta zare ƙusar.

Iska ta shigo daga wajen kogi, takardu suka motsa. Sai ga ƙarar ƙarfe. Yara suka ruga taga.

"Ammu Shahata, yau ma kiɗan ne? Ai sai ka tashi matattu!"

Tsohon ya ɗaga kai yana dariya, ya ce su koma karatu, ja'irai. Sai ya hango Nagwa. Fuskarsa ta washe, ya ɗaga mata hannunsa da ya yi baƙi da maiƙo.

"Malama, kin san shi ne?" wata yarinya ta tambaya.

"Mai gas ne," in ji Nagwa. "Ku zauna."

Ba ta ɗaga murya ba, amma tagar a buɗe take. Hannun tsohon ya sauka a hankali. Ya zura sifanar a aljihun jallabiyarsa, ya tura kurarsa.

Nagwa ta tsaya cikin iskar, tana sauraro. Har ya sha kwana bai ƙwanƙwasa tukunya ko ɗaya ba.