"Ga Ni" na Sharu Dogo

Kamal ɗan Abdelaziz, kai ka kashe Sharu. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. To wa ya taɓa zuciyar?

Ni Haliima, katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Sharu shekara talatin da huɗu. Ban yi karatu ba, amma ido ina da shi. Ina bakin ƙofa ina tsince riɗi ranar da ka zo da mutanenka na telebijin, ka durƙusa kana ta "Baba Sharu, Baba Sharu". Ka ce musalsal za ku yi, wasan kwaikwayo na kashi-kashi, a kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin nan namu Gadarif, wadda Sharu ya buga wa shekara goma sha ɗaya tun kafin a haife ka. Ka ce za a san su waye 'yan wasan.

Hawwa matarsa ta ɗora muku jabana, gahawarmu, har sau uku. Ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko fanilarsa ta wasa mai lamba tara, ya ba ka aro. Ina ji ta kan katanga yana faɗa maka sirrinsa: a fili, in yana so a jefo masa ƙwallo, da Hausa yake kira.

"Sai in ce ga ni! Abokan hamayya ba su gane ba, sai dai su ga ta faɗa kwando. Har Larabawan ƙungiyarmu sun koya."

Ka yi dariya, ka rubuta.

Azumi ya kama. Bayan fatur, da aka sha ruwa, aka fito da telebijin layi, aka shimfiɗa tabarmi. Sharu ya sa sabuwar jallabiya ya zauna a gaba. Sai ga wani dogon wawa a telebijin, baki buɗe, Larabcinsa a karye, lamba tara a ƙirji. Ya yi ihu "Ga ni!" ƙwallo ta dake shi a hanci. Aka tambaya wa ya cinye abincin mai horarwa: "Ga ni!" Aka tambaya ina jakin da ya shigo fili: "Ga ni!" Maza na ta birgima. Wallahi har da waɗanda Sharu ya ɗauki gawar iyayensu.

Sharu ya juyo wajen mata, ya ce a hankali, "Hawwa, fanilata ce."

Kwana talatin kuna yi. Ya shiga kasuwa, mahauta su yi masa "Ga ni!" Mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya wuce, ya leƙo ya yi masa. Ya daina fitowa fatur a layi, shi da tiren abincinsa ke fara isowa tabarma kowace shekara.

Na shiga na same shi a inuwar dalbejiya, kan angareb, gadon igiyar nan da bai taɓa isar ƙafafunsa ba.

"Tashi ka fita, Sharu. 'Yan iska ne, za su gaji."

"Hajja Haliima, da bakina na ba yaron nan kalmar. Ga jabana, ga kujera, na ba shi."

"To in je in ci mutuncinsa?"

"Bari. Jiya Hawwa ta kira ni daga ɗaki, na buɗe baki zan amsa, na kasa."

Ranar Idi na tare ka a ƙofar uwarka. Ka tuna abin da ka ce? "Malesh ya Goggo, yi haƙuri, wasa ne. Mutane na so." Ka miƙo mini alewa.

Sati biyu bayan nan, da hantsi, Hawwa ta ƙwala mini kira. Yana kan angareb ɗin, dugadugansa a waje, shayinsa ya huce ƙuda na yawo a bakin kofi. Na kira shi sau uku. "Sharu! Sharu! Sharu!" Mutumin da duk Gadarif ke kwaikwayon amsarsa bai amsa ba.

Ka aiko ta'aziyya ta waya. Riƙe abarka. Na kuma ji kuna shirin kashi na biyu, kuma na san babu wanda zai hana ku. Na je wurin liman, ya ce haƙuri. Na je wurin shehin unguwa, ya danne dariya da rawaninsa.

Akwatin ƙarfen yana nan bakin ɗakin Hawwa, a buɗe, babu komai ciki sai tsohuwar jarida a shimfiɗe. Ta ƙi a rufe.

Ka zo da ƙafarka, Kamal, da rana, layi na kallo. Ka kawo fanilar ka sa a ciki. Ka tsaya gaban matar nan cikin fararen kayan takaba, zan tambaya da ƙarfi wa ya yi wa Sharu haka. Amsar kalma biyu ce. Kai ka koya wa gari ita.