Tokar Sushila

Maganar ta tashi ne ranar Talata a wayoyin matan unguwar Longsight ta Manchester, kafin Juma'a har ta je Kano ta dawo da ƙari. Wai Rumaisa 'yar Dakta Sunusi, mai karatun likita a Birmingham, ta bi wani saurayi Ba'indiye ƙasarsu ta yi ridda. Har da hoto: ga ta tsaye a kan matakalar dutse a bakin wani kogi, fitilun kasko birjik kamar an zubar da taurari, tana rungume da wani ɗan tulu.

Uban bai kira ta ba. A kan tabarmar sallarsa ya rantse ba za ta ƙara taka masa gida ba.

Mahaifiyarsa Hajiya Saudatu, wadda ta yi shekara talatin tana koyar da tarihi a Kano, ta sa tabarau ta ƙare wa hoton kallo. Ta daɗe da lura cewa "kowa ya sani" shi ne uban yawancin ƙarya.

"Wa ya ga saurayin?" ta tambayi Hajiya Marwa, wadda ta fara turo hoton.

"Haba Hajiya, kowa fa ya sani."

"Kowa ɗin nan a wane layi yake? Ina so in gaishe shi."

Washegari ta hau bas a Stockport Road, ta shiga jirgin ƙasa zuwa Birmingham ita kaɗai da sandarta. Ba ta gaya wa kowa cewa ta gane wurin da ke cikin hoton ba. Banaras ne. Hotonsa ya yi shekaru a bangon kicin ɗin Sushila, maƙwabciyarsu 'yar addinin Hindu, wadda ta yi renon Rumaisa tun tana rarrafe, lokacin iyayen suna kwana a wurin aiki. A kicin ɗin nan tsofaffin biyu suka sha shayi suna musu. Sushila takan ce garin ya girmi tarihi, Saudatu ta ce babu abin da ya girmi tarihi sai wanda ba a tona ba. Duk da haka ta je ta karanta. Ta samu cewa tsohon gari ne ƙwarai, mutanensa na kiransa Kashi, an rushe babban haikalinsa na abin bautarsu Shiva an sake ginawa ba sau ɗaya ba, ga masallaci manne da shi, kuma masaƙan alharinin garin yawancinsu Musulmi ne. A imanin 'yan Hindu, wanda ya mutu a can ya huta da sake dawowa duniya. Wanda mutuwa ta riska a nesa, akan kai tokarsa kogin.

Sushila ba ta da ɗa, mijinta ya riga ta. A wani gidan tsofaffi ta rasu, hukumar garin ta ƙona gawar. Da tunanin Saudatu ya zo nan sai ta mayar da ido ga taga. Ruwa ake ta yi tun daga Stoke.

Rumaisa ta buɗe ƙofar flat ɗinta a Edgbaston, idanu a kumbure.

"Tsohuwa! Ke kaɗai? Da wannan gwiwar?"

"Gwiwata ba ta je Indiya ba. Matsa in zauna. Ina angon?"

"Wane ango?"

"Wanda aka ɗaura miki a waya."

Yarinyar ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Babu kowa, wallahi. Wata 'yar uni ɗinmu ce ta raka ni, danginta na can. Ita ta sa hoton."

"Kin yi wa wani abu sujada?"

"A'a. Ko haikalin ban shiga ba. A masallacin masaƙa na yi la'asar."

"Fitilun fa?"

"Bikinsu ne, kwana goma sha biyar bayan Diwali. Dacewa muka yi da shi. Ga fitilu a nan, can gaba kaɗan kuma ana ƙona gawa, hayaƙin har cikin gashina. Kwana uku na kasa cin nama."

Saudatu ta dafa sandarta da hannu biyu. Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce ta hana ta sakat tun Manchester.

"Me ke cikin tulun?"

Rumaisa ta ɗauko wani littafi a kan tebur, tarihin Indiya da kakar ta ara mata da bazara. Ta zaro wata wasiƙa daga tsakiya. Daga masu shirya jana'iza ce, da sunan Saudatu a kai: tokar Mrs Sushila tana wurinsu, marigayiyar ta rubuta cewa ita za ta karɓa, a zo don Allah.

Saudatu ba ta buƙaci tabarau ba. Ta tuna ranar, a bakin gadon gidan tsofaffin, Sushila ta riƙe mata hannu ta ce ta kai ta Kashi. A garinsu Saudatu ba a cewa mara lafiya a'a a kan idonsa. Kara ake yi, a amsa, a bar sauran ga Allah. Ta amsa. Ita kuwa Sushila ba ta san wannan al'adar ba, ta sa aka kawo takarda ta rubuta suna. Wasiƙa uku aka aiko. Biyu sun tafi kwandon shara, ta ukun ta shiga littafi.

"A store ɗinsu na same ta," in ji Rumaisa. "A kan kantar ajiya, tsakanin tokar wasu mutum takwas, da lamba a jikin robar da aka zuba ta. Ita fa ta koya mini ɗaurin takalmi, Tsohuwa."

"Wa ya zuba?"

"Malaminsu ya ce ɗa ne ke zubawa. Na ce babu. Ya ce to wanda ya kawo." Ta share hanci. "Ki ce wa Abba yawon buɗe ido na je. Zai yarda da ke. Ya ciyar da mutum goma, rantsuwar ta warware."

Saudatu ta san haka ne, da wannan ƙaryar zai buɗe ƙofa kafin magariba. Da gaskiyar kuwa, ba ta da tabbas. Ta dubi wasiƙar, ta dubi jikarta, ta ciro waya.

"Sunusi, ina Birmingham. Ba zan dawo yau ba. Ka saurara, sannan ka yanke hukunci, amma a kan mu biyu za ka yanke."

"Hajiya, me ya faru?"

"Babu saurayi, babu ridda. Rumaisa ta je Banaras, ta kai tokar Sushila, da hannunta ta zuba a kogin. Ni na ɗauki alkawarin. Na bar matar a kan kantar ajiya wata goma sha tara."