Farin Garin da Ta Ce a Zubar

Sakamakon awon shekarun samfurinta ya iso ranar Litinin, Auta ta karanta shi sau huɗu a tsaye. Shekara miliyan talatin da bakwai.

Shekara uku ke nan tana aikin digirinta a kan wani dutse mai tagulla. Dutsen ya samu ne can ƙarƙashin ƙasa cikin zafi. Zaizaya ta yi ta kwashe abin da ke kansa har ya matso sarari, sannan ruwan sama ya riƙa wanke tagullar daga sama yana tara ta a ƙasa, har ta yi kaurin da za a haƙa. Aikin Auta shi ne ta faɗi yaushe kowanne ya faru. Fitowar dutsen ta riga ta auna: shekara miliyan ashirin da suka wuce. Yanzu ga takarda na cewa ruwa ya wanke shi tun yana binne. Saura mako biyu ta tsaya gaban kwamiti don kare aikinta.

Farfesan da ke kula da aikinta ya duba takardar ta saman tabarau.

"Auta, ruwan naki da tsani ya sauka? Kilomita biyu fa dutsen yake a ƙasa lokacin."

"Ranka ya daɗe, ko injin ne..."

"Inji abin da aka ba shi yake aunawa. Me kika ba shi?"

Alunait ta ba shi, ma'adinin da ke cike tsagar dutse. Kwana tara ta yi tana tsince shi da hantsaki, tana zaɓen manyan ƙwayoyi masu ƙyalli, don su suka fi tsabta a ido.

Farfesa ya ajiye biro.

"Masu ƙyallin 'ya'yan zafi ne, tare da dutsen aka haife su. Na ruwan sama fari ne, dusu-dusu, kamar alli. Kin je tambayar shekarun jika, kin dawo da na kaka. Ina farin?"

Ta tuna cewa ita da kanta ta ce a zubar da farin. Bangon ramin da ta ɗebo samfurin kuwa tun bara aka fasa shi da nakiya. In babu farin garin, babu rabin digirin.

Ta sauka ɗakin niƙa duwatsu tana ƙirga matakala don kada ta yi kuka. Baba Mai Niƙa na goge rariya da buroshi, ƙura har girarsa.

"Sannu da aiki, Baba."

"A'a, 'yar tsince-tsince! Wa ya rasu?"

"Baba, farin garin nan na samfurina, wanda na ce datti ne..."

"Wanda kika ce yana ɓata miki hijabi?"

"Shi."

"To, ai kin ce a zubar. Umarnin masu digiri ne, mu wa?"

Ta zauna a kan bokitin da ke kife. Ya ci gaba da goge rariyarsa, ya ɗaga ta ga haske, ya hure ta. Sannan ya jawo kujera ya hau, ya sauko da wani kwali daga saman kabad. Ledoji ne cike, kowacce da lamba da rubutunsa mai karkata.

"Shekara ashirin da shida ina nan, 'yata. Duk wanda ya ce min zubar, sai na ba shi shekara biyu. Farfesan naki ma wata shida ya yi ya dawo yana rantse-rantse."

Ya miƙo mata leda. Garin bai fi cikin cokali uku ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta duba lambar, ta sake dubawa.

"Zai isa?" ya tambaya.

"Cokali ɗaya ma ya isa."

"To kai wa masu awon ɗaya, ki bar min biyu. Ban yarda da ke ba."

Ta raba garin a gabansa. Sannan ta hau sama ta rubuta wa kwamiti takardar neman ɗagin wata uku. A wurin dalili ta rubuta: kuskuren zaɓen samfuri, nawa ne.